Tukunyar da ba ta shiga hoto

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, kowa ya jawo bargo da rigar sanyi, na ga ya dace a wannan mako mu ɗan huta da zancen farashin hatsi da na albashi, mu leƙa wata ƙasa mai nisa, wato Japan. Amma kada mai karatu ya zaci yawon buɗe ido kawai za mu yi. Akwai wata tambaya da nake so in ajiye gaban duk wanda Allah ya hore wa tafiya, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati. Malam, da ka je ka komo, me ka kawo mana?

Amsar da aka fi samu a yau ita ce hoto. A da, lokacin da ake sa fim cikin kamara, hoto 24 ko 36 ne iyakar abin da fim ɗaya ke ɗauka, don haka sai mutum ya yi lissafi kafin ya danna, sannan ya kai wa mai wanki ya zauna jira. Yanzu kuwa wayar salula ta raba mu da lissafi. Wanda ya yi kwana goma a waje sai ya komo da hoto ɗari biyar: ga shi gaban dutse, ga shi gaban jirgin ƙasa, ga shi gaban ƙofar otel, ga shi kuma riƙe da takardar shaidar halartar taro. A biro da fada ana ta miƙa waya hannu zuwa hannu, ana cewa Masha Allah. Bayan mako biyu babu mai sake waiwayar hotunan, har da shi mai su.

Sai dai na lura da wani abu. Waɗanda suka yi zaman watanni a Japan, kamar ma'aikatan da suka je ƙaro ilmi ta hannun hukumar JICA, ko ɗaliban da suka yi karatu can, idan hira ta yi nisa ba ka jin suna zancen abin da ke cikin hotunansu. Zancen wata tukunya suke yi, wadda ake ɗorawa tsakiyar tebur a lokacin ɗari, ana dafawa ana ci. Sunanta nabe. Ni kaina ina cikin masu wannan kewa, kuma duk shekara idan sanyi ya sauko sai ta taso mini. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, na yi imani wannan tukunya ta fi kamara koya wa baƙo ko su wane ne mutanen Japan, kuma darasin da ke cikinta ya shafi duk matafiyi, ko ina ya nufa.

Bari mu fara da kamara, tun da Japan uwar kamara ce. Kamfanin Nikon ya fito da shahararriyar Nikon F a 1959, wadda ƴan jarida suka yi ta yawo da ita a fagagen yaƙi. Canon ya fito da AE-1 a 1976, aka sayar da ita miliyoyi. A 1986 kamfanin Fuji ya ƙera ƴar kamarar nan da ake saye da fim ɗinta a ciki, idan ya ƙare a miƙa ta dungum ga mai wanki. A shekara ta 2000 kuma kamfanin Sharp ya sa kamara cikin wayar salula, wanda ke cikin na farko da aka yi a duniya. Shekaru da dama Turawa na yi wa mutanen Japan ba'a cewa ba a ganinsu a Paris ko Roma sai da kamara rataye a wuya.

To, yau reshe ya juye da mujiya. A 2024 baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga Japan, kowa da kamararsa cikin aljihu. A wani ƙaramin gari mai suna Fujikawaguciko akwai wani kanti na kamfanin Lawson wanda idan ka tsaya a ƙetaren titi sai ka ga dutsen Fuji, mai tsawon mita 3,776, kamar an aza shi bisa rufin kantin. Wannan hoto ya bazu a intanet, baƙi suka yi ta tururuwa, suna tare hanya, suna zubar da shara, suna shiga harabar mutane. Da abin ya ishi ƴan gari, a watan Mayu na 2024 ma'aikatar magajin gari ta kafa wani baƙin labule mai tsawon mita 20 da bisa mita 2.5 don kawai a toshe wa masu hoto ganin dutsen daga wannan wuri. An sauke shi bayan ƴan watanni, amma saƙon ya isa. A birnin Kiyoto ma, a unguwar Giyon inda ake samun matan nan masu sana'ar kiɗa da rawa da karɓar baƙi na gargajiya da ake kira gesha, mazauna sun kafa alluna a 2019 suna hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, da tarar yen 10,000, saboda baƙi na bin matan a guje, suna tare musu hanya, wasu har da jan riga.

Mu ƴan Nijar bai kamata wannan ya zama mana baƙon labari ba. Shekaru nawa Turawa suka yi suna zuwa Ingal lokacin bikin lasar gishiri, suna cusa kamara a fuskar samarin Woɗaɓe masu rawar gerewol? Hotunan sun zagaya duniya, an buga manyan littattafai da su, kamar wanda Carol Beckwith ta fitar a 1983 bisa makiyayan Nijar. Wasu masu hoton sun zauna da mutanen, sun sha nono da su, sun san sunayensu. Amma da yawa sun zo da safe, sun danna, sun tafi da marece, ba su san ko rijiyar da mutanen ke shayar da dabbobi ta ƙafe ba. Wanda ya san zafin a mai da shi abin kallo, bai dace ya je garin wasu ya mai da su abin kallo ba.

Ban da wannan, hoton baƙo yakan yi ƙarya ba tare da mai shi ya sani ba. Duk wanda ya je Kiyoto sai ya ɗauki hoton ɗakin ibadar nan mai rufin zinariya da ake kira Kinkakuji, ya komo yana cewa gini ne na shekara ɗari shida. Alhali kuwa na asalin ya ƙone ƙurmus a 1950, wani matashin mai hidima a wurin ne ya cinna masa wuta, wanda ke tsaye yau an gina shi a 1955. Hoto ba zai gaya maka wannan ba. Mutum ne zai gaya maka, shi ma sai kun zauna. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, kamara kuwa ido ce kawai aka ƙara masa.

To ina ake zama da mutanen Japan har bakinsu ya buɗe? Mutane ne masu kunya da kiyaye harshe. A wurin aiki gaisuwa ce da sunkuyawa da miƙa katin suna da hannu biyu, ba ka jin cikinsu. Amma ranar da abokin aiki ya ce ka zo gida ko gidan abinci ku ci nabe, ka san an buɗe maka ƙofa.

Kalmar nabe ma'anarta tukunya, ba wani abu ba. Wadda aka fi so ta yumɓu ce, mai faɗin baki da murfi mai ƴar huda, suna kiranta donabe, kuma mafi yawansu a garin Yokkaici ake gina su. Amfanin yumɓu, kamar yadda iyayenmu mata suka sani, shi ne ba ya saurin ɗaukar zafi kuma ba ya saurin saki. A da can bisa murhun da ke haƙe a tsakiyar ɗaki ake rataya tukunya. Tun daga 1969, da kamfanin Iwatani ya fito da ɗan rishon gaz mai ƙaramin gwangwani wanda ake ɗorawa bisa tebur, sai nabe ta shiga kowane gida, har ɗakin ɗalibi.

Tushen abin shi ne romo, wanda suke kira dashi. Ana jiƙa wani busasshen ganyen teku mai kauri, kombu, wanda akasari daga tsibirin Hokkaido na arewa ake samo shi, a ɗora bisa wuta, a tsame shi kafin ruwan ya tafasa. Sau da yawa a ƙara da wani kifi da aka dafa, aka banda, aka shanya har ya yi tauri kamar itace, sannan a kankare shi siri-siri kamar ɓawon katako. Romon yakan fito garau, ba mai, ba yaji, amma da wani daɗi mai zama a harshe. Sai a jera faifan kayan haɗi kusa da tukunya, duka ɗanye: farin shu mai dogon ganye, lawashi mai kauri, naman kaza iri biyu ko uku, karoti, awara, kifi ko kaza ko nama. Abin da ke daɗewa bai nuna ba da abin da ke ƙara wa romo daɗi su ake fara sawa, ganye ya zo daga baya. Kowa na da ƴar tasarsa da tsinkayensa biyu na cin abinci, yana tsamo abin da ya nuna. In tukunya ta yi ƙasa a ƙara. Haka za a yi ta yi awa biyu, wani lokaci uku.

Nabe iri-iri ce, kuma kowace na ɗauke da tarihinta. Wadda duniya ta fi sani ita ce sukiyaki, ta naman shanu da aka yanka fale-fale, ana dafa shi cikin ruwan waken suya da sukari, a tsoma cikin ɗanyen ƙwai kafin a kai baki. Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa mutanen Japan sun yi ƙarnoni suna ƙyamar naman dabbar gida. A shekara ta 675 sarki Temmu ya kafa dokar hana cin shanu da doki da kare da biri da kaza, kuma da ƙarfin addinin Buda wannan ƙyama ta daɗe. Masu kwaɗayi sai da dabara, har suka laƙaba wa gursunun daji sunan babban kifin teku na kan dutse, don a ce kifi ake ci. Sai a 1872 aka ba da sanarwa cewa sarki Meiji ya ci naman shanu, domin gwamnatinsa na son jama'a su yi ƙarfi irin na Turawa. Nan da nan gidajen tukunyar nama suka cika Tokiyo da Yokohama, cinta ya zama alamar wayewa. Sunan ya yi tashe har a 1963, da waƙar wani mawaƙi Kyu Sakamoto ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, masu sayar da faifai suka sa mata suna Sukiyaki, alhali babu zancen abinci ko kaɗan a cikinta. Kalmar ce kawai suka san Turawa za su iya furtawa.

Akwai shabu-shabu, wadda wani gidan abinci na Osaka mai suna Suehiro ya raɗa wa suna a 1952. Asalinta daga tukunyar naman rago ta birnin Pekin ne. Ana ɗaukar yankan nama da ya yi sirantar takarda, a kaɗa shi sau biyu ko uku cikin tafasasshen romo, sunan ma daga ƙarar kaɗawar ya samo asali. Sai a tsoma cikin miyar riɗi ko ta ruwan lemun tsami da waken suya.

Masoya kokowa kuwa, ga tasu. Mu da muka san yadda ƙasa ke tsayawa cik idan ana gasar takobi, tun daga ta farko da aka yi a Tawa a 1975, za mu gane matsayin ƴan kokowar sumo a Japan. Suna da manyan gasa shida a shekara, kowace kwana 15. Abincinsu na kullum shi ne canko nabe, babbar tukunya ta nama da kifi da ganye da awara, ana bin ta da shinkafa tasa bayan tasa. A gidan horo ƙanana ne ke dafawa, manya su fara ci, ƙanana su jira abin da ya rage. A al'ada lokacin gasa kaza suka fi so, wai don ita da ƙafa biyu take tsayawa, dabba mai ƙafa huɗu kuwa ta yi kama da ɗan kokowar da ya dafa ƙasa, wato wanda aka kayar. Da yawa cikin waɗanda suka yi ritaya sukan buɗe gidajen canko a unguwar Riyogoku ta Tokiyo, kusa da babban filin kokowar.

Kowace jiha kuma da tata. A Hokkaido akwai ishikari, ta kifin salmon da miso, wato wani ruɓaɓɓen waken suya mai gishiri. A Akita ana kirɓa dafaffiyar shinkafa, a mulmula ta jikin sanda, a gasa, a yanka cikin romon kaza, abin ya yi kama da gasasshen tuwon shinkafa, sunansa kiritampo. A Fukuwoka akwai mizutaki ta kaza da motsunabe ta kayan ciki. A Kiyoto kuwa, kusa da gidajen ibada, akwai yudofu, awara ce zalla cikin ruwan kombu. Wanda ya bi waɗannan tukwane ɗaya bayan ɗaya ya san taswirar ƙasar fiye da wanda ya bi ta da kamara.

Na ce tukunyar ba ta shiga hoto, kuma da gaske nake. Da farko, da ka matso da kamara turiri zai rufe gilashin. Na biyu, nabe ba ta da kama ɗaya. Kafin a kunna wuta kyakkyawa ce amma ɗanya, bayan rabin awa ta yi daɗi amma ta hautsine, babu mai sha'awar kallonta. Na uku, hannun da za ka riƙe kamara da shi ana bukatarsa wurin aiki, domin a nan babu mai dafawa daban da mai ci daban. Wannan ya zuba ganye, wancan ya kwashe kumfa, wani ya tsamo maka kifi ya ce ci wannan kafin ya narke.

Ma'aikatan gwamnati za su ji daɗin wannan: a kowane zama sai an sami mutum ɗaya da zai naɗa kansa shugaban tukunya, yana ba da umurni, kada a sa ganye yanzu, a rage wuta, wane ka tsame namanka ya wuce lokaci. Suna kiransa nabe bugiyo, bugiyo kuwa muƙami ne na manyan hakimai a zamanin mulkin shogun, kamar a ce kumandan tukunya. Mai kwashe kumfa ma da nasa muƙamin na ba'a. Abin sha'awa shi ne, ba lalle shugaban biro ne ke zama kumandan ba. Sau da yawa sai ka ga darakta ya yi shiru yana bin umurnin ƙaramin ma'aikaci, har yana zuba wa baƙo da hannunsa. A irin wannan zama ne za ka ji abin da ba a faɗa a ɗakin taro: tsadar haya, tsufan iyaye, ƙauyukan da matasa suka watse suka bari, dalilin da ya sa aka ƙi wani aiki ko aka karɓi wani.

Daga ƙarshe, idan nama da ganye sun ƙare, romon da ya rage ya tara daɗin duk abin da ya bi ta cikinsa. Ba a zubar da shi. Sai a zuba dafaffiyar shinkafa a fasa ƙwai, ko a sa taliya mai kauri, a raba wa kowa. Wannan rufewa suna kiranta shime, kuma da yawa na ganin ita ce zuciyar cin. Wanda ya yi gaggawar tashi don ya je ɗaukar hoton fitilun birni, ita ya rasa. Suna da wata magana da ke nuna cewa waɗanda suka ci shinkafar tukunya ɗaya sun zama ƴan'uwa. Bahaushen da ya tashi yana sa hannu cikin akushi ɗaya da ƴan'uwansa ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Wajibi ne in ja kunnen ɗan'uwa Musulmi. Naman alade na da yawa a abincin Japan, kuma ko tukunyar da babu alade, akan zuba mata giyar shinkafa, sake, ko wata mai zaƙi da ake kira mirin. Ruwan sukiyaki kusan kullum da su ake haɗa shi. Ga kuma batun yanka. Saboda haka a tambaya tun kafin a zauna, kuma a faɗa wa mai gida tun ranar gayyata. Mutane ne masu girmama irin wannan bayani idan an yi shi da wuri. Tukunyar kifi ko ta awara da aka haɗa a gida ita ta fi sauƙi. A Tokiyo akwai shagunan naman halal a unguwar Shin-Okubo, akwai kuma babban masallaci irin ginin Turkiyya da aka buɗe a shekara ta 2000. Masallacin birnin Kobe kuwa tun 1935 yake tsaye. Da ɗan gari akan ci gari, a masallaci za a nuna maka inda za ka ci hankali kwance.

Alhazan kasuwa, kada ku ce wannan zancen ciki ne kawai, akwai ciniki cikin tukunyar nan. Farin magin nan Ajinomoto da ke kan teburin kowane mai koli daga Maraɗi har Damagaram, daga romon kombu aka gano shi. Wani malamin jami'ar Tokiyo, Kikunae Ikeda, shi ya binciki abin da ke ba romon daɗi, ya ware sinadarin a 1908, aka fara sayar da shi a 1909. Wannan sinadari kuwa shi ne dai ke cikin daddawarmu, kuma ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, ita ce ke ruɓar da waken suya ya zama natto, abincin karin kumallonsu. Su sun bincika nasu sun sa a leda sun sayar wa duniya, har da mu. Awarar da ƴan mata ke soyawa a bakin lakwal, ita ce tofu ɗinsu. Miyar riɗin shabu-shabu fa? Japan ba ta noma riɗin kirki, kusan duk wanda take ci sayowa take yi, kuma ƙasashen Afirka irin su Najeriya da Burkina Faso da Tanzaniya na cikin manyan masu sayar mata. Sai dai tun 2006 ta tsaurara doka bisa ragowar maganin ƙwari a kayan abinci, kayan da suka wuce ƙa'ida ba sa shiga. Mu ma muna noman riɗi. Ɗan kasuwar da ya zauna gaban wannan miya ya tambayi daga ina riɗin ya fito, wane iri ake so, yaya ake tace shi, wa ke shigo da shi, ya komo da abin da ya fi hoto dubu.

Kada kuma a zaci komi lafiya lau yake a can. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa kashi 38 cikin 100 na gidajen Japan mutum ɗaya ne kacal a ciki. Har sun ƙirƙiro kalma ta musamman don cin abinci a kaɗaice, kuma kantuna na sayar da ƴar tukunyar mutum ɗaya da ɗan ƙullin romo daidai cikinsa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa abincin gargajiyar Japan cikin kayan gadon duniya, amma takardar UNESCO ba ta zaunar da iyali wuri ɗaya. Mu ma mu duba gidajenmu na birni. Maigida na ci gaban talabijin, uwargida a ɗaki, yara kowa da farantinsa da wayarsa. Akushin da ake kewayewa, inda yaro ke koyon kada ya miƙa hannu gaban babba, kada ya fara ɗaukar nama, ya fara zama kayan tarihi. Ina jin rabin kewar da muke yi wa tukunyar Japan, kewar akushinmu ce da muka je muka tarar a gidan wasu.

Ba cewa nake a bar kamara a gida ba. Hoto shaida ne, kuma gani ya kori ji. Amma mu tuna da manyan masu hoton yankinmu. Malik Sidibe na Bamako, wanda aka ba babbar lambar Zakin Zinariya a Venis a 2007, gayyatarsa ake yi wurin biki, ya san matasan da yake ɗauka, su ma sun san shi. Haka Filip Kujina ya ɗauki rayuwar daren Yamai a shekarun 1960 da 1970. Hotunansu sun rayu domin daga cikin taro aka ɗauke su. Don haka shawarata ga matafiyi ita ce: ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, a Japan ma yawancin wayoyin da ake sayarwa ba a iya kashe ƙarar kamararsu, don kada a ɗauki wani a ɓoye. Ka rage hoton kanka, mun san kamanninka. Ka ɗauko mana abin da za mu yi aiki da shi, yadda suke jera kaya a kasuwa, yadda suke rarraba shara, yadda ƴan lakwal ke share ajinsu da kansu. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da aka gaya maka. In an gayyace ka cin abinci, ka ɗauki hoto ɗaya na mutanen da yardarsu kafin a kunna wuta, ka aika musu da shi daga baya, sannan ka mai da waya aljihu.

Wanda kuma bai sami tafiya ba, ko ya komo kewa ta dame shi, kayan haɗi na nan kasuwarmu. A samu tukunyar yumɓu mai faɗin baki irin ta Mirriya, a ɗora bisa murhun gawayi a tsakar gida, kada a yi cikin rufaffen ɗaki. A yi romo da kaza ko bandar kifin Difa da ƴar daddawa. A yanka shu da karoti da albasar Galmi da lawashi da awara. A je wurin mai kilishi, domin babu wanda ya fi shi iya fere nama fale-fale, a ce ya yanka amma kada ya shanya. A daka soyayyen riɗi da gishiri da lemun tsami a yi abin tsomawa. A shimfiɗa tabarma, a kira iyali da maƙwabci, kowa da tasarsa da cokalinsa, a ajiye shinkafa gefe don rufewa. Ɗanɗanon ba zai zama na Osaka ba, tun da babu kombu a Tawa. Amma zaman zai zama shi ne, kuma za a ga wanda zai naɗa kansa kumandan tukunya tun kafin ruwa ya tafasa.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su da abin da zai amfani ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.